Tambayoyi da amsoshi kan rina DNA na ƙwayoyin ƙudan 'ya'yan itace don auna zagayen rabuwarsu

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai masu bincike a nan Zariya, musamman 'yan digiri na biyu da na uku a fannin nazarin halittu da na haɗa magunguna, suka fi maimaitawa idan suka fara aiki da ƙwayoyin halittar jikin Drosophila melanogaster, ɗan ƙudan nan mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba. Kusan kowa da ƙorafi ɗaya yake zuwa, wai rinin bai kama ba. A mafi yawan lokuta kuwa rinin lafiyarsa ƙalau. Abin da aka yi wa ƙwayoyin kafin su haɗu da rini, da yadda aka saita na'ura bayan sun haɗu, su ne ke ɓata sakamako.

Malam, wai me ake nema a gani idan an rina DNA?

Yawansa ake nema a cikin kowace ƙwaya. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta gaba ɗaya. Tun 1953 Alma Howard da Stephen Pelc suka nuna, a saiwar wani nau'in wake, cewa kwafin yana da lokacinsa na musamman, akwai tazara kafinsa, akwai tazara bayansa. Daga nan aka samo zango huɗu: G1, S, G2 da M. Ƙwayar da ke G1 ba ta fara kwafi ba. Wadda ke S tana tsakiyar aiki. Wadda ke G2 ko M ta gama, DNA ɗinta ya ninka biyu.

Idan rini ya kama daidai gwargwadon DNA, hasken da ƙwaya za ta bayar zai faɗi zangon da take. Na'urar filo-saitomita tana tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, ta auna kowacce, ta fitar da zane mai tudu biyu da kwari a tsakani. Tudun farko G1 ne, na biyu G2 da M a haɗe, kwarin kuma S. Tudu na biyu ya kamata ya tsaya a kusan ninki biyu na inda na farko ya tsaya. In ya kauce wa haka da nisa, akwai gyara.

Na bi matakan da aka rubuta don ƙwayoyin mutum tiryan-tiryan. Me ya sa nawa bai fito ba?

Saboda ƙuda ba shi da DNA mai yawa. Kundin halittar mutum ya haura harafi biliyan 3, na wannan ƙuda kuwa kusan miliyan 180 ne, a kan kuromosom tagwaye huɗu kacal. Ƙwayoyin S2 da ake reno a kwalba, waɗanda Imogene Schneider ta samar daga ƙwan ƙuda ta bayyana su a 1972, yawancinsu suna ɗauke da kwafi huɗu na kuromosom maimakon biyu, amma duk da haka haskensu nesa yake da na ƙwayar mutum.

Abin da wannan ke jawowa shi ne, duk wani ƙaramin datti da ƙwayar mutum za ta danne da haskenta, a wurin ƙuda sai ya zama abin gani. Ragowar RNA (ɗan'uwan DNA da rini kan iya kamawa) a cikin ƙwaya, tarkacen matattun ƙwayoyi, ƙura a ruwan na'ura, ƙwayar yis da ta biyo tsutsa daga abincinta, duk suna matsowa kusa da tudun G1. Sannan in na'urar tana kan saitin da aka yi wa jinin mutum jiya, tudunku zai maƙale can gefen hagu a cikin shara, ku ɗauka rini ne bai kama ba. Matakan mutum ba kuskure ba ne, amma suna yafe sakacin da ƙwayar ƙuda ba ta yafewa.

Wane rini ya fi dacewa?

Ku fara tambayar mai kula da na'ura wace leza ke cikinta, sannan ku sayi rini. Na sha ganin an kashe kuɗin tallafi a kan rinin Hoechst 33342, sai daga baya a gano na'urar ba ta da lezar da za ta haska shi. Rinin DAPI da na Hoechst suna son haske mai gajeren zango, wajen nanomita 350 zuwa 405. Na'urori da yawa da ke asibitocin ƙasar nan an kawo su ne don ƙidayar ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 a jini, kuma shuɗiyar leza mai nanomita 488 ce ginshiƙinsu. Wasu ma a kulle suke, ba sa karɓar wani gwaji sai wanda aka ƙera su dominsa.

Da shuɗiyar leza, furofidiyam ayodaid, wato PI, shi ne abokin tafiya. Yana shiga tsakanin matakan DNA ya ba da jan haske wajen nanomita 617, yana da araha, yana jure ajiya a firij in an kāre shi daga haske. Aibinsa biyu: ba ya ratsa ƙwaya mai rai, kuma yana kama RNA mai igiya biyu kamar yadda yake kama DNA. DRAQ5 yana shiga ƙwaya mai rai kuma shuɗiya ko jar leza na iya haska shi, sai dai tsada. Ga mai farawa a Samaru ko Shika, ra'ayina PI ne, har sai an ƙware a kansa.

Yaya ake kafe ƙwayoyin da itanol ba tare da sun yi gudaji ba?

A nan ne rabin aikin yake, don haka zan ɗan tsaya.

Ku ɗebi ƙwayoyin suna tsakiyar ƙuruciyarsu, wajen miliyan 2 zuwa 4 a kowace mililita, kwana ɗaya ko biyu bayan an raba su. S2 ba sa manne wa kwalba sosai, feshin fifet a hankali ya isa ya ɗaga su, ba sai an sa tirifsin, enzayim mai ɓamɓare ƙwayoyi, ba. A juya su a santirifuj, injin da ke kwantar da ƙwayoyi a gindin bututu, da ƙarfi kaɗan, kamar 300 zuwa 400 g na minti 5, a zubar da ruwan sama, a wanke da ruwan gishirin gwaji na PBS mai sanyi don a kawar da ruwan jinin ɗan maraƙi da ke cikin abincinsu. Furotin ɗin wannan ruwan jini yana dunƙulewa a itanol, ya manne ƙwayoyi da juna.

Sai babban mataki. Kada a taɓa zuba itanol a kan curin ƙwayoyin da ya kwanta a gindin bututu. Wanda ya yi haka ya gama yin gudajin da babu rariyar da za ta warware. A fara warware curin sarai a cikin ɗan PBS, misali maikirolita 300, har sai ba a ganin ko ɗigo ɗaya na dunƙule idan an ɗaga bututun a haske. Sannan a ɗora bututun a kan injin girgiza a hankali, ana ɗiga itanol tsantsa mai sanyin firiza ɗigo-ɗigo har maikirolita 700. Ƙarshen lissafi ya zama kashi 70 cikin 100. Wasu sun fi son su ɗiga ƙwayoyin a cikin itanol maimakon akasin haka. Duka biyun suna yi, muddin ana girgizawa kuma hannu ɗaya ne ya yi wa duk samfuran.

A bar su aƙalla awa biyu a sanyi, in da hali su kwana. Ranar rini, ku tuna ƙwayar da ta sha itanol ta yi sauƙi, ba ta kwanciya da wuri, kuma curinta ba ya fitowa fari tas kamar da, yakan shafe a jikin bututu. A ƙara ƙarfin juyi zuwa wajen 600 ko 800 g, a janye ruwan sama da fifet maimakon a tuntsurar da bututu. Ɗalibai da yawa da suka ce ƙwayoyinsu sun ɓace, a kwatami suka zubar da su a wannan mataki. A wanke sau biyu da PBS, a bar su minti kaɗan su sake shan ruwa, sannan rini.

Game da itanol ɗin kansa: na gwaji za ku nema, ba sifirit mai launin da ake sayarwa a kemis ba.

Dole ne sai na sa RNase? Tsadarsa ta yi yawa.

In PI ne rininku, dole ne, don RNase shi ne enzayim ɗin da ke narkar da RNA. A ƙwayar ƙuda ma ya fi zama dole, don DNA kaɗan ne, RNA kuwa cike yake da cikin ƙwaya mai girma da sauri. In ba a narkar da shi ba, tudu biyun za su yi faɗi su matsa dama, kwarin S ya cike. RNase A maikirogiram 100 zuwa 200 a mililita, minti 30 a digiri 37, tare da PI maikirogiram 20 zuwa 50 a mililita, a cikin duhu. Kada zafin 37 ya dame ku don kun san ƙuda ba ya son zafi. Ƙwayoyin sun riga sun mutu, enzayim ɗin ake wa.

Batun kuɗi kuma, RNase A na garin hoda ya fi araha nesa, kuma enzayim ne mai taurin rai. Tsohuwar dabara ita ce a narkar da shi a ruwan asitet mai ɗan tsami, a tafasa minti 15 don a kashe DNase, enzayim mai narkar da DNA, da ka iya biyo shi, a bar shi ya huce a hankali, a rarraba a ƙananan bututai a ajiye a firiza. Rarrabawar ce muhimmiya a wurinmu: in wuta ta ɗauke firiza ta narke, ƙaramin bututu ɗaya za ku gwada ku yar, ba duk jarinku ba. Gwajin kuma mai sauƙi ne. Ku raba samfuri biyu, ɗaya da RNase ɗaya babu. In zanensu ya fito iri ɗaya sak, enzayim ɗin ya mutu.

Me ya sa tudun G1 yake sauya wuri daga bututu zuwa bututu?

Yawan ƙwayoyin ne bai zo ɗaya ba. Duk marini ya san in aka cusa yadi da yawa a rijiyar baba ɗaya, kowane yadi zai fito da launi mai rauni. Haka PI yake: sai ya wadata har ya cike duk gurbin da ke kan DNA sannan haske ke bin yawan DNA. Bututu mai ƙwaya miliyan 5 da bututu mai rabin miliyan, a cikin rini iri ɗaya, ba za su tsaya wuri ɗaya ba. Ku ƙirga da hemositomita, gilashin ƙirga ƙwayoyi, kafin kafewa, ku daidaita kowane bututu a kan kusan miliyan ɗaya a mililitar rini. Ku haɗa rinin a kwalba ɗaya ku raba wa kowa daga cikinta. Kuma kada a wanke PI bayan rini. A cikin ruwan rininsu ake shigar da ƙwayoyin na'ura, in aka wanke zai fara fita daga DNA.

Tudu biyun sun haɗe sun zama ƙaton tudu ɗaya. Na'urar ce ta lalace?

Kafin a zargi na'ura, a duba abu huɗu a kan allonta. Hasken PI a sikelin liniya ake karanta shi, ba na log ba. Ninki biyu a sikelin log ɗan taƙi ne kawai. Boltej a ɗaga shi har tudun G1 ya zauna a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin allo, don G2 ya sami wuri, a kuma ga abin da ke bayansa. Gudun ruwa a sa shi a mafi ƙanƙanta, domin in aka matsa wa samfuri, igiyar ruwan da ƙwayoyi ke bi tana faɗi, wasu su wuce ta tsakiyar leza wasu ta gefe, haskensu ya bambanta ba don DNA ba. Na san layi yakan yi tsawo kuma janareto na shan mai, amma ƙwaya ɗari biyu ko uku a daƙiƙa ta fi dubu biyu amfani. Na huɗu, iyakar da na'ura ke fara ƙirga a ɗora ta a kan hasken PI, don abin da ba shi da DNA kada ya shiga lissafi tun farko.

Ma'aunin kyan aiki shi ne CV na tudun G1, wato faɗinsa idan aka gwada da tsakiyarsa. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 aiki ne mai kyau. In ya haura 8, manhajar lissafi irin FlowJo ko ModFit za ta ba ku alkaluma dai, amma adadin S ɗin da za ta faɗa zato ne kawai. A tara aƙalla ƙwaya 10,000 zuwa 20,000 bayan an cire shara.

In duk an gyara waɗannan bai yi ba, ku gwada cire cibiyoyin ƙwayoyin zalla, wato ɗakunan da DNA ke ciki. Hanyar Krishan ta 1975 tana fasa ƙwaya da ruwan sitret marar gishiri sosai mai ɗauke da PI. Akan ƙara ɗan sabulun gwaji na Triton X-100, kashi 0.1 cikin 100. Da yake an rabu da sauran cikin ƙwaya, tudun yakan fito siriri. Sharaɗinta shi ne a karanta a ranar.

Tudun G2 nawa ya kusa kai na G1 tsawo. Kuskure ne?

Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa a'a. Ƙwayoyin ƙuda da ake reno a kwalba, S2 da Kc167, sukan daɗe a G2 fiye da yadda aka saba gani a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, saboda haka babban tudu na biyu ba abin tsoro ba ne. Abin da ya wajaba a kore shi ne tagwaye: ƙwayoyin G1 biyu da suka manne suka wuce leza tare, na'ura ta ɗauke su ƙwaya ɗaya mai ninkin DNA. Ana gane su ta zana faɗin siginar, ko tsayinta, a kan jimillarta. Tagwaye sun fi daɗewa a gaban leza, don haka sukan ware gefe, sai a zagaye ɗaiɗaikun a bar su. Ku tace samfuri da rariya mai ido maikiron 35 ko 40 dab da shigarwa. In kuka ga ƙaramin tudu a ninki uku na G1, shaidar manne ce, don babu zangon da ke ba da ninki uku a tsaye.

Zafin bazara da ɗaukewar wuta suna shafar sakamako?

Ƙwarai kuwa, kuma tun kafin a zo batun rini. Ƙuda da ƙwayoyinsa a digiri 25 ake renonsu, ba sa buƙatar iskar kabon dayoksaid kamar ƙwayoyin mutum, wanda sauƙi ne babba gare mu. Amma a watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yana doshin digiri 40 da rana, da hunturu kuma dare yakan sauka ƙasa da 15. Inkubeta mai ɗumamawa kaɗai ba ta da amfani a bazara; mai sanyayawa ake buƙata. Ƙwayar da ta wuni a 33 ta kwana a 24 zagayenta ya riga ya rikice, babu rinin da zai gyara. Mazan ƙudan ma kansu suna rasa haihuwa idan zafi ya zauna wajen 30.

Ku ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikin inkubeta, ku rubuta kullum safe a littafin aiki. Samfurin gwaji da na kwatanci su zauna kusa da juna, a ɗebe su sa'a ɗaya. Don kwalaben ƙuda, in wuta ta yi dogon tafiya a lokacin rani, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana rage zafi sosai ta ceci zuriya. Don kwalaben ƙwayoyi ba na ba da shawararta, laima tana kawo fumfuna.

Abu mai daɗi shi ne ƙwayoyin da aka kafe a itanol suna jure makonni a firiza, kuma narkewar ƙanƙara ba ta cutar da su don itanol mai kashi 70 ba ya daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili. Ku tara samfuranku, ku rina su rana ɗaya.

Ƙurar hunturu fa?

A tace PBS da ruwan na'ura da matacin maikiron 0.2, a rufe bututai. Ku fara shigar da ruwan rini zalla babu ƙwaya; abin da na'ura ta ƙirga a nan shi ne dattinku.

Ƙwayoyina suna da GFP. Da na kafe su da itanol koren ya tafi.

Itanol yana huda fatar ƙwaya, GFP kuwa, furotin ɗin da ke ba da koren haske, in ba a ɗaure yake da wani abu ba sai ya tsiyaye. Mafita ita ce a fara ɗan kafewa da farafomaldihaid mai rauni, kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na minti 10 zuwa 15, a wanke, sannan itanol ko Triton. Akwai farashi: wannan sinadari yana ɗaure furotin da DNA, rini ya sha wuyar shiga, CV ya ɗan ƙaru. Kada a yi amfani da kashi 4 na tsawon lokaci kamar yadda ake yi wa naman da za a yanka a duba, shi ne ke ba da tudu mai faɗi. In akwai lezar da ta dace, rina su da rai da Hoechst 33342 ya fi tsafta.

Ba ni da S2. Zan iya amfani da tsutsar ƙudan kai tsaye?

Za ku iya, kuma a ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mu, don shigo da ƙwayoyi masu rai daga cibiyar ajiyarsu da ke Bloomington a Amurka sai da shiri mai yawa, ƙuda kuwa akwai masu renonsa a Ibadan da Jos. Gaɓar da aka fi ɗauka ita ce faifan fiffike na tsutsa a matakinta na uku, ɗan fatar da zai zama fiffike daga baya, mai ƙwayoyi dubbai goma-goma da ke rabuwa. Ɗakin binciken Bruce Edgar ne ya yaɗa hanyar tun ƙarshen shekarun 1990: a ciro faifai 20 zuwa 40 a PBS, a sa su a tirifsin mai ƙarfi da EDTA tare da Hoechst, ana kaɗawa a hankali awa biyu zuwa uku har su warware, a karanta da rai. Mai PI sai ya warware, ya tsayar da tirifsin da ruwan jini, ya wanke, ya kafe. Amma ya ƙara yawan faifai don za a yi asara wurin wanki.

Shekarun tsutsa su ne komai a nan. Rabon G1 da G2 a faifan yana canzawa yayin da tsutsa ke dosar zama kwanson ƙuda. A bar mata su yi ƙwai na awa biyu zuwa huɗu kacal, a ƙirga awanni daga nan, a kuma daidaita yawan tsutsa a kowace kwalba, don cunkoso yana jinkirta girma. A wanke tsutsar sosai kafin yanka, saboda yis. A kuma kiyaye kada kitse ya biyo faifan.

Na ga tudu huɗu ko biyar a jere. Me ke nan?

Kun ɗebo gaɓar da ke kwafin DNA ba tare da rabuwa ba. Ƙuda ya shahara da wannan. Ƙwayoyin jakar yawun tsutsa suna ninka DNA sau goma ko kusa, har ya kai kwafi dubu da ɗoriya, su ne manyan kuromosom masu zane-zane da ake nuna wa 'yan aji. Kitse, hanji da ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwai a cikin mace duk suna yin irin haka gwargwadonsu. A nan ne kaɗai sikelin log ke da amfani. Kuma tudun ba sa faɗawa a ninki biyu cif, don wasu sassan kuromosom ba a kwafe su duka a irin wannan zagaye.

Ina gwada ruwan wani tsiro a kan ƙwayoyin. Akwai abin lura?

Akwai, kuma yawancin ayyukan ɗalibanmu nan suka dosa. Tsirrai da yawa suna da nasu haske. Koren ganye irin na zogale yana ba da jan haske wajen nanomita 680, dab da inda ake karanta PI. Kurkum yana haskawa kore zuwa rawaya. Zoborodo launinsa kaɗai ya isa ya sha wani ɓangare na hasken. Dole a sami bututu mai ƙwayoyin da suka sha maganin amma ba a rina su ba. In ya yi haske a tashar PI, a ƙara wanki, ko a koma cibiyoyi zalla, ko a canza rini. Haka kuma samfurin kwatanci ya sha daidai adadin DMSO ko itanol ɗin da aka narkar da maganin a ciki.

Ina roƙonku da abu guda: kada a ga tarkace a hagun G1 a rubuta cewa tsiron yana sa ƙwaya ta kashe kanta. Fasasshiyar ƙwaya daga mugun juyi ma a nan take faɗawa. Wannan iƙirari sai da wata shaida daban, kamar gwajin kasfes ko Annexin V.

Ta yaya zan raba G2 da M, ko in tabbatar da S?

Rinin DNA kaɗai ba zai raba G2 da M ba, yawansu ɗaya. Ana ƙara antibodi mai gane histon H3 da aka liƙa wa fosfet a kan serin na 10, alamar ƙwayar da ke cikin rabuwa. Yawanci kashi kaɗan ne cikin ɗari. Don S, a ba ƙwayoyin EdU, sinadarin da ke shiga sabon DNA da ake kwafa, na minti 30 zuwa 60 kafin ɗiba. Ya fi tsohon takwaransa BrdU sauƙi, don BrdU sai an buɗe DNA da asid, asid kuma yana ɓata kamun PI. Akwai kuma ƙudajen Fly-FUCCI da aka bayyana a 2014, masu canza launi kore da ja gwargwadon zango, ana ganinsu a madubin maikiroskof ba tare da rini ba.

Kashi 60 na ƙwayoyina suna G1 bayan magani, kafin magani 45 ne. Ke nan maganin ya tsayar da su a G1?

Ba lallai ba. Zanen hoton lokaci ɗaya ne, yana faɗin rabo, ba ya faɗin gudu. G1 na iya ƙaruwa don ya yi tsawo, ko don G2 ya gajarta. A ƙuda an nuna wannan ƙarara: furotin Cyclin E ne ke buɗe ƙofar S, furotin String ke buɗe ƙofar M, kuma in aka gajarta zango ɗaya a faifan fiffike, ɗayan yakan tsawaita, jimillar lokacin ta tsaya kusan yadda take. Saboda haka a haɗa da ƙidayar ƙwayoyi kwana-kwana don a san lokacin ninkuwa. S2 masu lafiya sukan ninka a kusan awa 24. A sa kuma samfurin da aka san amsarsa, kamar haidiroksiyuriya da ke tara ƙwayoyi a bakin S, ko kolcisin da ke tara su a M. In waɗannan ba su motsa zanenku ba, hanyar ce ba ta aiki tukuna. Maimaici uku kuma yana nufin reno uku daban-daban, ba bututu ɗaya da aka karanta sau uku ba.

Babu filo-saitomita a sashenmu. Shi ke nan?

A'a. Hanya ta farko, ku kafe a itanol, ku sa a kula da ƙanƙara, ku kai inda na'ura take, ku rina a can. Ku yi magana da mai kula da ita tun kafin ku fara reno, ku tafi da samfurin gwaji ɗaya ko biyu na saiti waɗanda ba ku damu da asararsu ba.

Ta biyu, madubi mai hasken fuloresen da kyamara. A shimfiɗa ƙwayoyin a gilashi, a rina da DAPI, a ɗauki hotuna da ƙaramin ruwan tabarau, 10x ko 20x, don duk kaurin cibiya ya shiga hoto. Lokacin buɗe kyamara ya zama ɗaya ga kowane hoto, kuma kada wata cibiya ta yi farin da ya ƙure ma'auni. Da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, a cire hasken bango a auna jimillar hasken kowace cibiya. Da cibiya dubu ɗaya ko biyu tudu biyun za su fito.

Ta uku ita ce rinin Feulgen, wanda aka sani tun 1924: a jiƙa da asid haidirokulorik, a sa ruwan Schiff, DNA ya yi ja mai ruwan hoda gwargwadon yawansa, a auna duhun launin da madubi na yau da kullum. A ƙwayar ƙuda launin yakan yi rauni saboda ƙarancin DNA, sai an kula da daidaita fitila, amma ba ya buƙatar leza ko firiza, kuma gilashin yana ajiyuwa.

Ina zan zubar da ragowar rinin?

PI, DAPI da Hoechst duk DNA suke kamawa, naku ma ba su ƙi ba. A sa safar hannu, kada a ja fifet da baki. Ragowar ruwa a tara a kwalba mai murfi da rubutu a jiki, bututai da kawunan fifet a jakar sharar sinadarai, a miƙa wa mai kula da sharar ɗakin gwaji. A gaya wa masu shara da baki abin da ke cikin kwalbar, kada a dogara da rubutun kaɗai. Bayan an gama karatu kuma a wanke na'urar da ruwan bilic sannan tataccen ruwa na mintuna, don PI yana maƙalewa a bututunta ya rina samfurin wanda zai zo bayanku.